Wayar da Ta Ratsa Bango

Shekara talatin da huɗu ya yi yana bin gidajen mutane yana karanta mitar wuta, shi ya sa ko da ya ajiye aiki sunan bai sake shi ba. Baba Mita ake ce masa. Aikin ya bar masa hali guda: duk abin da ya gani, sai ya duba agogo ya riƙe lamba.

Ranar Litinin da la'asar yana zaune shi kaɗai a falo, talabijin na ta surutu don kawai ɗakin ya samu motsi, sai ga matarsa. Wani tsohon shiri ne na kiwon lafiya da aka ɗauka a ƙaramin asibitin da ta yi aikin ungozoma. Tana ɗora jariri a sikeli, jaririn ya kama mata yatsa, ta juyo tana yi wa wani dariya. Kafin ya yunƙura daga kujera an wuce. Ya duba agogo: huɗu da minti goma sha tara.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ita ba mai son hoto ba ce. Abin da ta bari kawai ɗan hoton katin aiki, ta tsuke baki a ciki kamar an yi mata laifi. Da shirin ya ƙare aka rubuta cewa za a maimaita shi ranar Alhamis, ƙarfe huɗu.

Kwanon satalayit ɗaya ne a rufin gidan, risiba ɗaya, a falonsa take. Marigayiyar ce ta sa aka huda bango aka zura waya zuwa ɗakin wata mai ɗinki da ke haya a gefensu, ta ce bai kyautu su yi kallo wata na sauraren sauti ta bango ba. Tun daga nan abin da ya kunna shi mai ɗinkin ke gani. In ya daɗe a kan labarai sai ta buga bango sau biyu da gindin almakashi, ya mayar mata wasan kwaikwayo. Wata rana bugun nan ne kaɗai maganar da ake yi masa daga safe zuwa yamma.

Talata da safe ta yi sallama a ƙofarsa, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Baba, an tashi lafiya? Alfarma na zo nema."

"Uwar Kyaftin, ke da rimot ɗinki ke jikin bango, wace alfarma kuma?"

Ta yi dariya. Ɗanta guda yana makarantar horar da matuƙan jirgin ruwa a wata ƙasa, shekara huɗu rabonta da shi. Ta ce ranar Alhamis za a yaye su, wata tasha za ta nuna kai tsaye daga ƙarfe huɗu, ana kiran kowa da sunansa.

"Ya ce in zuba ido, zai ɗaga mini hannu."

Baba Mita ya dubi tef ɗin da ke wuyanta. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Abin da ya faɗa ke nan. Ya gaya wa kansa ba ƙarya ya yi ba, don yana da dabara: zai sayi rikoda ta naɗe masa nasa shirin, ita kuma ta kalli nata.

Shagon kayan lantarkin yana ƙarshen layin masu gyaran waya, ɗan tsukuku, kwalaye har rufi. Mai shagon ya sauko da rikodar DVD guda biyu ya jera a kanta.

"Wannan tana da rumbu a ciki, Baba. Ka naɗa, ka goge, ka sake naɗawa. Wannan kuma kai tsaye take rubutawa a faifai. Ya bayan risibarka yake?"

Baba Mita ya ciro takarda. Ya zana bayan risibar tsaf, rami ja, rami fari, rami rawaya.

"Kai, Baba, da duk masu saye haka suke da ban yi furfura ba. Duka biyun za su hau."

"In ina naɗar tasha ɗaya, za a iya kallon wata?"

"A'a. Rikoda ba ta da idon kanta. Abin da risiba ta nuna, shi take rubutawa. Sai dai ka ƙara risiba, a canja kan kwanon zuwa mai baki biyu. Mai hawa mana rufi kuwa ya yi tafiya, sai mako mai zuwa."

Baba Mita ya sake duban zanen da ke takardarsa, mai shagon ya ce, "Ƙwallo ne, Baba, ko amarya aka yi ake rikicin rimot?"

"Ba ni mai faifai."

"Faifan ma iri biyu ne. Akwai mai gogewa, akwai wanda in ya rubutu ya rubutu."

"Wanda ba ya gogewa."

Mai shagon ya zana masa haɗin a bayan takardar tasa: waya ta fito daga risiba ta shiga rikoda, daga rikoda ta rabu biyu, ɗaya talabijinsa, ɗaya ramin bango.

Ranar Laraba ya haɗa, ya gwada, ta yi. Sannan ya zauna yana auna maganar kamar yadda ya saba auna komai. Nata ɗan mai rai ne, zai dawo wata rana ta gan shi da idonta. Tasa matar ba za ta dawo ba. Amma nata sau ɗaya za a kira sunansa, uwa kuma sau ɗaya take ganin irin wannan. Sau biyu ya miƙe zai je ya gaya mata, sau biyu ya koma ya zauna. Ya san halinta: za ta ce ba komai Baba, ka kalli naka, shi kuma ba zai iya karɓa ba. Daga ƙarshe lissafi ya raba masa gardama. Minti ɗaya kawai yake buƙata. Ɗalibai sun fi ɗari. Da wuya a ce a wannan minti ɗayan ne za a kira yaron.

Alhamis ƙarfe huɗu ya kamo mata tashar, ya danna jan maɓalli, faifai ya fara juyawa. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a bayan bango. Aka yi jawabi, aka yi fareti, aka fara kiran sunaye. Samari cikin fararen kaya suna hawa, su sara, su karɓi takarda, su sauka. Idonsa ɗaya na talabijin, ɗaya na agogo.

Huɗu da minti sha takwas da rabi ya canja tasha.

Talla ake yi. Ashe maimaicin bai fara a kan lokaci ba. Bango ya bugu sau biyu. Ya riƙe rimot da hannu biyu. Tallar sabulu ta ƙare, likita ya fito yana bayani, aka nuna layin mata a baranda. Bango ya sake buguwa, wannan karon da tafin hannu.

"Baba! Baba, ta goce!"

Ya ƙura wa talabijin ido. Minti ɗaya ya zama uku, uku ya zama biyar. Sai ga sikelin, ga hannunta, ga jaririn ya kama yatsa. Ta juyo tana dariya, haƙorin nan nata na gefe da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa ya fito. Ya ƙirga ba da niyya ba: sakan goma sha ɗaya.

Bugun bangon ya tsaya.

Ya mayar da tashar. Samarin na ta hawa suna sauka. Suka kalla har aka kira na ƙarshe, aka jefa huluna sama. Ba su ji an kira ɗanta ba.

Bayan an jima ya je ƙofarta. Tana zaune a gaban keken, ta ci ado kamar mai zuwa taron da kanta, wayarta a cinya.

"Ya bugo," in ji ta. "Ya ce na gan shi? Na ce na gani, har hannun da ya ɗaga."

"Uwar Kyaftin, ni ne na..."

"Na ga Anti marigayiya," ta ce. "Ɗankwalin nan ni na yi mata kalmasarsa." Ta gyara zare a allura ba ta dube shi ba. "Da ka faɗa mini tun Talata, Baba, da na je gidan ƙanwata. Su ma suna da kwano."

Wannan bai shigo cikin lissafinsa ba. Kwana biyu yana auna wa ya fi cancanta, bai taɓa tuna cewa akwai wasu rufin a garin ba.

Ya koma falo. Faifan ya kammala, yana da ɗumi a hannu. Ya rubuta kwanan wata a kai da rubutunsa na mita, ya mayar da shi cikin rikoda, ya kai yatsa kan maɓallin kunnawa. Nan idonsa ya bi wayar: daga rikoda ta rabu biyu, ɗaya ta shige ramin bango. Duk ranar da ya kunna matarsa, mai ɗinki za ta gani, da samarin da ba nata ba kafin nan, da minti biyar ɗin da ke tsakani. Yana iya zare wayar. Ya tsuguna ya kama ta, ya tuna wadda ta sa aka huda ramin, ya sake ta.

Ya cire faifan ya sa a kwalinsa, ya ajiye kusa da hoton katin aikin. Ya kamo labarai, ya bar su suna ta yi. Aka gama na gida, aka shiga na waje, aka karanta hasashen yanayi. Yana zaune kusa da bango, rimot a hannu, yana jira a buga sau biyu.

Can sai ya ji keken ɗinki ya tashi.