Kunzugu a Cikin Turmin Hajiya Bahiyya

Duk ƙauyen nan na gabashin Asyut a ƙasar Masar babu jaririn da ya cika kwana bakwai bai ji ƙarar turmin Hajiya Bahiyya ba. Ɗan ƙaramin turmi ne na tagulla da ta gada wurin uwarta. Ranar bakwai sai a kwantar da jariri cikin rariya, a watsa gishiri, ita kuwa ta yi ta buga turmin tana ba shi umarni: ya ji maganar uwarsa, ya ji ta ubansa, ta dangin uwa kuma ya ji rabi ya bar rabi. Shekara talatin tana yi wa 'ya'yan mutane. Da aka zo kan ɗanta Shahata, wanda ya shekara tara da aure shiru, sai matarsa Inshira ta haifi bakwaini, mace, aka wuce da ita kwalba tun kafin kakar ta ga fuskarta da kyau.

A kwana na uku fitsarin yarinyar ya ɗauke. Dakta Sarwat ya tara su a barandar asibiti ya ce ƙodar bakwaini ba ta gama ƙwari ba, abu kaɗan ke gajiyar da ita. Ya sauya magani, ruwan da ake ƙara mata ma sai an ƙirga shi ɗigo-ɗigo. Amma jikinta ya fara kumbura, kuma in har azahar ɗin rana ta bakwai ta yi babu fitsari, dole a sa mata siririn bututu a ciki a yi mata wankin ƙoda. Bai ɓoye musu ba, a jikin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba aikin yana da haɗari.

Hajiya ta saurara, ta gyaɗa kai, ta yi godiya, don ba ta raina mai ilimi. Sai dai ita ta riga ta san mai laifi. Ummu Ragab ce, wata ƙatuwar mata mai sayar da ganye, wadda jikanta ya yi wata guda a kwalba har ta mai da bencin baranda tamkar ɗakinta. Ran kwana biyu ta leƙa ta gilashi ta ce, kai, ga gashi kamar na amarya, ba ta ko ce Masha Allahu ba. Washegari fitsari ya tsaya. To me kuma ya rage a bincika?

Abin da ya ƙara ɓata mata rai shi ne sikeli. Nas Damyana kan auna kowane kunzugu kafin a ɗaura, ta sake aunawa in an cire, ta rubuta a takarda. A ganin Hajiya alheri ba tumatir ba ne da za a ɗora a sikeli kowa na kallo, ai gayyatar mugun ido ce da hannunka. Matar da ta wanke tsumman fitsarin 'ya'ya takwas tana mita, yau ga ta tana sallar walaha tana roƙon Allah jiƙaƙƙen kunzugu guda ɗaya.

Ran bakwai da safe ta zo da turmin a jaka, ko da ta san ba za a bar ta ta buga ba. Damyana ta ji tausayinta, ta sa mata rigar asibiti, ta ce ta shiga tare da Inshira na minti biyar. Suna shiga wata na'ura ta hau ƙara a can ƙarshen ɗaki, nas ta tafi da sauri. Inshira ta sa hannu ta kafar kwalbar ta sauya kunzugu yadda aka koya mata, ta ajiye tsohon a faranti ba tare da ta duba ba, don ta gaji da duba abin da ke karya mata zuciya.

Hajiya ce ta ɗauka. Ta ji nauyi, ta ji ɗumi. Ta buɗe, ga shi a jiƙe, rawaya-rawaya. Don murna, guɗa ta taso mata har maƙogwaro. Ɗaga kan da za ta yi, sai ga fuskar Ummu Ragab manne da gilashi. Nan take ta haɗiye guɗar, ta cusa kunzugun a hannun riga, ta fito tana ɗaure fuska kamar wadda aka yi wa rasuwa. A baranda ta tura shi cikin turmi, ta ja zif ɗin jaka, ta zauna ta rungume ta. Ko Inshira ba ta gaya wa ba, don fuskar yarinyar nan ba ta iya riƙe sirri.

Damyana ta dawo ta ga faranti wayam, ta ɗauka abokiyar aikinta ta auna ta zubar, takarda kuma babu sabon rubutu, ma'ana babu komai ke nan.

Har azahar Hajiya na zaune tana murmushi a ƙarƙashin mayafi, tana jin ta fi kowa wayo a asibitin. Sai aka kira Shahata ofishin likita. Ya fito da takarda da biro, ya durƙusa gabanta.

"Inna, babu fitsari har yanzu. Sun ce in sa hannu, za a shiga da ita yanzu."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta dubi ɗanta, ta dubi benci cike da mata, Ummu Ragab a tsakiya da idanunta ƙuru-ƙuru. Tsoro ya kama ta ta fuska biyu, amma ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ta miƙe, ta zaro turmin a gaban kowa, ta miƙa wa Dakta Sarwat da ya biyo bayan Shahata.

"Ɗana, ka auna wannan tukuna."

Likita ya leƙa ciki, ya dube ta, ya sake leƙawa. Damyana ta dafe kai ta ce:

"Hajiya, kwana huɗu muna neman abin nan kamar zinariya, ashe kin kai shi ajiya?"

"To, zinariya a fili ake barin ta?" in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa.

Aka ɗora a sikeli, ya ƙaru da giram goma sha takwas. Aka kwance wanda ke jikin yarinyar, shi ma a jiƙe. Dakta Sarwat ya karɓi takardar daga hannun Shahata ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce za a sake gwajin jini, akwai sauran tafiya, amma ƙodar ta farka, bututu kuwa a ajiye shi tukuna. Daga nan ya roƙi Hajiya da girman Allah ta bar musu kunzugu, ta riƙe turmi.

Guɗar farko ba daga bakin Hajiya ta fito ba. Ummu Ragab ce ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa ta, hawaye na bin kumatunta, ita da nata jikan ke kwance bai san ranar fita ba. Ta jawo Hajiya ta rungume tana ta Masha Allahu, Masha Allahu, kamar mai cike gurbin wadda ta manta. Kunya ta rufe Hajiya har ta rasa inda za ta sa fuska.

Da la'asar aka yi bikin bakwai a gindin bishiyar da ke harabar asibiti, ƙarƙashin tagar ɗakin jarirai. Rariya babu kowa a ciki sai 'yar hular saƙa. Inshira ta tsallake ta sau bakwai tana dariya tana share ido, Shahata na raba alewa da gyaɗa har ga masu gadi. Hajiya ta wanke turmin da sabulu sau uku, ta ba Ummu Ragab gishiri ta watsa, sannan ta ɗaga kai sama wajen tagar ta fara bugawa.

"Ji maganar uwarki, ji ta ubanki," ta ce. "Ji ta likita. Ta kakarki kuwa, ki ji rabi ki bar rabi."