Ƙararrawar Malamin Asibiti

Shekara huɗu ke nan Armaya'u yana auna hanyar Batsari zuwa Garin Mani da cinyoyinsa. Kilomita ashirin da bakwai ce zuwa, ashirin da bakwai dawowa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa rangwame ba. Malamin asibiti ne. Shi kaɗai ke riƙe da ɗan asibitin sha-ka-tafi na Garin Mani, wani ƙauye a ƙasar Safana kafin a kai Runka. Iyalinsa kuwa suna cikin garin Batsari a ɗakin haya, tun ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Yasore, suka fito daga su sai kayan jikinsu.

Da yana da babur. An ƙwace shi a wannan hanyar, aka haɗa masa da mari biyu, bai sake marmarin wani ba. Mai babur a dajin nan kiran mutanen yake yi da kansa. Keke kuwa ko ɓarawo ya raina shi. Nasa tsohon keke ne mai sanda, sirdin ya sha ɗinki, tayar baya kuwa facin da ke jikinta ya fi robarta yawa. Abu guda ne mai kyau a jikinsa, ƙararrawa, wata 'yar fara mai zaƙin murya da ake ji tun daga nesa.

Kada wani ya ɗauka son wahala ne ya hana shi hutawa. Sau bakwai yana rubuta takardar neman canjin wurin aiki, sau bakwai ana ce masa ya dakata sai an samu wanda zai maye gurbinsa. To wa zai yarda? Ya ce wa matarsa Zuwairatu su koma Garin Mani da zama, ta ce ita da kwanan ƙauye har abada, ba za ta sake goya yaro ta shiga gona da gudu ba. Ya ce to shi ya riƙa kwana a can, yana zuwa gida ran Juma'a. Nan ma ta ƙi.

"Malam, ni ban iya zaman jiran labari," in ji ta. "Ka sani tun yau. Duk ranar da ka kwana ba ka shigo ba, gari na wayewa zan saɓa goyona in bi sawun kekenka har in gan ka, ko in ga abin da ya rage."

Ya yi dariya a lokacin, amma ya san halinta, ba ta rantsuwa a banza. Saboda haka kullum yana sallame asuba zai ɗaure jakar magani a kariyar bayan keke, ya soke bakin wando cikin safa, ya kama hanya. Kullum kafin magariba zai tura ƙofar gida da tayar gaba, ya tarar da ita zaune a kan turmi tana fuskantar zaure, tana yin kamar tsintar wake take yi.

Maganar ƙararrawa kuwa ba shi ya ƙirƙiro ta ba. A bakin Garin Mani akwai wata tsamiya, ƙarƙashinta wata tsohuwa mai suna Zinariya take suyar ƙosai. Awaki sun mayar da wurin dandali, shi ya sa in ya iso yakan kaɗa ƙararrawa sau uku su ba shi hanya. Gonakin garin duk suna bakin hanyar da yake biyowa. A hankali mutane suka lura cewa in malamin asibiti ya iso da ƙafafunsa, to babu kowa a dajin a wannan safiyar. Sai ya zamana ba mai fita gona sai an ji ƙararrawar. Shekarar da aka datse layukan waya a yankin abin ya ƙara ƙarfi, don babu wanda za a kira a tambaya. Yana kaɗawa Zinariya za ta ɗaga murya, "Malam ya iso!" sai ka ga gari ya buɗe, maza da mata suna fitowa da fartanya da gorunan ruwa.

Abin yana yi masa daɗi, yana kuma ba shi haushi. Ana gaishe shi da girmamawa, ana cusa masa ƙosai a jaka, amma ya san sunan aikin da yake yi musu. Zakaran gwajin dafi ne, wanda ake ba abinci a zuba ido a ga ko zai faɗi. Ko zazzaɓi yake yi sai ya hau keken, don ranar da ya taɓa fashin zuwa saboda cenin keken ya tsinke, gari guda ya wuni a ƙulle ba wanda ya taɓa ko ciyawa.

Ranar da abin ya faru, gero ya nuna. Damina ta yi kyau, zangarniya ta yi nauyi har tana sunkuyawa, tsuntsaye sun fara yi wa mutane girbi. Armaya'u ya baro gida da wuri. Ya wuce gonakin da aka bari ciyawa ta cinye, ya wuce kangon makarantar da jemagu suka gada, ya sauka ya tura keken a yashin rafi kamar yadda ya saba. Daga rafin sai wani dutse, daga dutsen kilomita biyu ne kacal a shiga gari.

Yana haurowa daga rafin ya gan su. Babura ne jingine cikin gero, ya ƙirga takwas ya daina. Wani dogo mai rawani ya fito tsakiyar hanya, bindiga rataye a kafaɗa, yana cin gyaɗa ɗanya. Armaya'u ya ja birki.

"Likita, an tashi lahiya?" in ji dogon. "Sauko mana mu gaisa. Kullum muna ganinka, ba ka tsayawa."

Armaya'u ya sauka, ya miƙa jakar magani tun ba a tambaye shi ba. Mutumin ya ture ta da bayan hannu.

"Riƙe kayanka. Mi za mu yi da kai? Wanda ke da kuɗin hansa ba ya hawan wannan." Ya shuri tayar baya, na cikin geron suka yi dariya. Sannan ya kai yatsa ya taɓa ƙararrawar a hankali, bai bari ta yi ƙara ba. "Wannan muke so. Ka tahi, ka kaɗa ta sau uku wurin tsohuwar nan kamar kullum. Shi ke nan aikinka. Muna bisa dutse, muna ganin tsamiyar. In ka yi, hanya taka ce, yau da gobe da jibi ba mai taɓa ka. In ka yi mana wayo, kada ka sake bari mu ga tayar nan a ƙasar nan, don ranar za ka riga ta kwantawa."

Ya hau keken da ƙyar. Kilomita biyun nan sun fi masa sauran ashirin da biyar tsawo. Gaba kura, baya sayaki. In ya kaɗa, mutanen da yake yi wa allura za su fito su faɗa hannun waɗannan, a kora su daji kamar shanu. In ya yi ihu, ya rufe wa kansa hanyar gida, kuma Zuwairatu za ta biyo ta gobe da goyo. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ke sa mutum ya fara ciniki da zuciyarsa. Sai ya samo wata dabara da ya ga kamar ta raba gardama: ba zai kaɗa ba, ba kuma zai ce komai ba. Zai wuce shiru ya shige asibiti. Mutane ba su ji ƙararrawa ba, ba za su fito ba. In an tare shi da yamma, ya rantse ta lalace ne. Har ya sa babban yatsa ya danne bakinta don kada gargada ta sa ta yi motsi.

Abin da ya manta shi ne, mutane sun daɗe da daina jiran ƙarfe. Shi suke jira.

Ya iso tsamiya kansa a sunkuye, ya ratsa awakin a hankali. Zinariya ta ɗago daga kaskonta ta gan shi, ta share hannu a zane.

"Yau kuma ƙararrawar azumi take yi?" in ji ta. Kafin ya buɗe baki ta juya ta cika gari da murya. "Malam ya iso! Malam ya iso!"

Gari ya buɗe. Dama a shirye suke a bakin zaurukansu, ranar girbi ce. Mai unguwa Sammani ya fito da magirbi a kafaɗa da 'ya'yansa maza a bayansa. Mata suka fito da ƙwarya a ka. Ga Nana Hadiza, wadda Armaya'u ya auna cikinta shekaranjiya ya ce ta rage aiki, tana tafe tana dafe da ƙugu, ta yi masa murmushin wanda aka kama da laifi.

"Malam, kada ka yi mani faɗa," in ji ta. "Ɗaurin dami kawai zan taya su."

Ta wuce shi. Wasu ma suka wuce shi, suna yi masa sannu da hanya. Ya waiwaya ya dubi dutsen. Ba a ganin kowa a kansa, amma ya san idanu nawa ke can. Har yanzu yana iya cewa ba ruwansa, shi bai kaɗa komai ba, tsohuwa ce ta yi kira. Ya ji kunyar wannan tunanin tun kafin ya gama shi.

Ya juya keken, ya taka da ƙarfin da bai san yana da saura ba, ya sha gaban na farkonsu, ya gitta keken a tsakiyar hanya inda ko makaho a kan dutsen zai gan shi. Ya ɗaga hannu biyu.

"Ku koma! Suna rafi! Suna cikin gero! Ku koma gida!"

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ƙwarya ta faɗi, takalma suka zube, maza suka sunkuci yara. Armaya'u ya ɗora Nana Hadiza a kariya ya tura ta har ƙofar gidansu. 'Yan sintirin gari suka fito da bindigoginsu na gida suka tsaya a bayan ganuwar ƙaya da aka kewaye garin da ita. Daga wajen dutse aka harba sau uku a sama, a jere, ba gaggawa. Armaya'u ya fahimci saƙon, nasa ne. Bayan wani lokaci aka ji babura sun tashi, amma ƙararsu ba ta yi nisa ba ta mutu.

Ba a ɗauki kowa ba. Har azahar mutane suna tururuwa a asibiti suna yi masa godiya, wannan da ƙwai, wannan da kaza. Shi kuwa yana wanke ƙafar waɗanda ƙaya ta soka wajen gudu, hankalinsa yana kan turmin da ke fuskantar zaure. Ya ciro waya ya duba, ko da yake ya san babu layi.

"Ka kwana nan, Malam," in ji mai unguwa Sammani. "Ɗakin baƙi na nan. Hanyar nan dai ta haramta gare ka."

"Ranka ya daɗe, in na kwana, iyalina za ta biyo ta da sahe. Ta rantse, kuma ba mai hana ta."

Sammani ya shafa gemu. Ya ce motar a-kori-kura ba ta shigowa sai ranar kasuwa, saura kwana uku. Hanya guda ta rage: ya yi kudu zuwa Safana, ya hau kwalta ya zagaya ta gabas, ya shigo Batsari ta baya. Wani direba ya taɓa ce masa ta haura kilomita casa'in.

Armaya'u ya dubi rana, ya dubi tayar baya. Ya ba ta iska, ya ɗaure famfo da kayan faci a kariya, ya cika gora da ruwa, ya kulle asibitin. In ƙafa ta yarda kuma taya ta yarda, zai tura ƙofar gida kafin Zuwairatu ta ɗaura goyo. Abin da zai yi bayan nan bai sani ba. Aikin yana nan, gidan yana can, kuma hanyar da ta haɗa su ta ninka fiye da sau uku.

Sai da ya bi ta tsamiya kafin ya karya kudu. Zinariya tana tattara kaskonta. Ta ƙulla masa sauran ƙosai a leda ta rataya a hannun keken, kusa da ƙararrawar. Ta daɗe tana kallon gonakin, inda geron ke tsaye tsuntsaye suna sauka a kansa garke-garke.

"Allah ya kai ka lahiya, ɗan nan," in ji ta. "Ka yi mana abin da ɗa ke yi." Sannan ta tambaya a hankali, ba tare da ta dube shi ba. "To gobe wa zai iso mana?"

Armaya'u ya soke bakin wandonsa cikin safa. Ya ɗora ƙafa a kan feda.