Injin Jirgi a Bakin Rijiya

Shekarar da tafkin Cadi ya ja baya har jiragen ruwa suka kwanta bisa busasshiyar laka, Tanna ya komo garinsu Attantane da abu guda: injin jirgin da ya yi shekara huɗu yana tuƙawa. Ya tarar da rumbuna wayam, rijiya uku sun ƙafe, saura ɗaya. Ya tarar da Zuhura, ɗiyar Liman, wadda aka sa musu rana tun bara, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Ganinta ya sa zuciyarsa ta yi masa ciwo kamar an matsa gyambo. Liman bai ɓoye masa komai ba: in lambun rani da sojoji suka ce a yi bai tashi ba, zai kwashi iyalinsa su yi kudu, ba ranar komowa.

A bakin rijiyar akwai famfon da wani furoje, aikin raya karkara, ya bari, injinsa ya daɗe da mutuwa. Tanna ya ɗora nasa bisa amalanke ya kai Mayahi, garejin Sanda, don a haɗa shi da famfon.

Sanda ya kwance injin, ya zaro wata sandar ƙarfe mai tozo-tozo da ake kira arbarakam, ya ɗaga ta ga haske.

"Wanga injin Pijo ne, wani shaiɗani ya canza mai arbarakam. Ka ga tozayen nan? Su ke buɗe supap, bawul ɗin inji, su rufe. Nashi dogaye ne, bai san tafiya sannu ba. Ka rage mai wuta ya yi tari ya mutu, ka sake shi ya yi gudu kamar ana bin shi."

"Ai bin shi ake yi," in ji Tanna yana dariya. "'Yan duwan masu farautar fasa-ƙwauri ba su taɓa ganin ko ƙeyarmu ba."

Sanda bai yi dariya ba. Ya jawo wani arbarakam daga wata tsohuwar bashe, motar ɗaukar kaya, baƙi, mai gajerun tozaye.

"Wanga na jaki ne. Shi rijiya ke so."

"Kwamandan sojoji na zuwa ran Alhamis, Malam Sanda. Garin da ya ga ruwa na zuba shi za a ba iri da buhunan hatsi. In nuna mishi ruwa kamar fitsarin akuya?"

"Rijiyarku gaba nawa?"

"Talatin da biyu."

"Kuma gindinta yashi. Mi ya sa kake zaton matanku na jan guga goma su zauna jira? Ba lalaci ba ne, ɗan'uwa, rijiyar suke bari ta tattara."

Tanna ya dubi baƙin ƙarfen, ya dubi nasa da ke walƙiya. Ya tuna yadda jirginsa ke tsaga ruwa, a ransa ya ga Zuhura tsaye tana kallon irin wannan ruwan a garinsu.

"Maida mini nawa."

"Kai da injinka," in ji Sanda. Har ya gama ɗaurewa bai sake ɗaga kai ba.

Ran Alhamis da hantsi kwamanda ya iso da sojoji biyu rataye da bindigogi. Duk gari ya taru. Tanna ya zuba isansi, wato fetur, ya yi bisimilla, ya tada inji. Ƙarar ta kori awaki daga gindin gawo, ruwa ya yi tsalle daga bututu, kaurinsa kamar cinya. Mata suka ɗauki guɗa. Zuhura ta rufe baki da mayafi, idonta na kansa, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ba ta riƙe shi ba.

Sai ruwan ya fara kauri, ya koma kalar kunu.

Danda, tsohon da ya gina rijiyar da hannunsa, ya matso ya dafa kafaɗarsa. "Rage shi, yaro."

Tanna ya rage. Injin ya yi tari, ya girgiza, yana shirin mutuwa. Kwamanda ya juyo ya dube shi. Tanna ya sake mai wuta.

Daga can ƙasa wata ƙara ta taso, mai nauyi, kamar rumbu ya faɗi a wani gari. Bututu ya tofo jan yashi sau biyu, ya tsaya. Guɗar ta yanke. Kwamanda ya duba agogo, ya shiga mota, ya tafi.

Danda ya saki guga. Igiya ta yi ta tafiya, ta tsaya tun ba ta ƙare ba, kuma ba a ji ƙarar ruwa ba. Da ya jawo, yashi ne cike da gugan.

Liman ya kakkaɓe rigarsa. "Zuhura, tahi ki ce ma uwarki ta fara ɗaure kaya."

Ta ɗauki tulunta, ta bi ta gefen Tanna har mayafinta ya taɓa hannunsa, ta wuce gida.