Ƙwaya Biyu Kafin Hawa Bene

Shekara goma sha ɗaya maginin nan yana fama da ciwon gwiwa, matarsa kuwa ba ta taɓa ganin ya shigo da kwalin magani gida ba. Shi ya sa da likita ya tambayi abin da yake sha, ta riga shi amsawa, ta ce babu, har da rantsuwa.

Likita ya dubi kumburarrun ƙafafunsa, ya dubi takardar gwajin jini. "Malam, ƙodarka ta kusa gazawa. Akwai abin da kake haɗiya kullum."

Magini ya sosa ƙeya. "Magani kam ba na sha, likita. Sai 'yan ƙwayoyin da ɗan kwangila yake raba mana da safe. Bibbiyu, don jiki ya saki."

"Ruwa fa?"

"A hawa na shida muke. In ka sha, fitsari ya matsa ka sauko, a ce ka cika lalaci. Sai mu haƙura har a tashi."

Matar ta juya ta dubi mijinta. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita nata ya shekara goma sha ɗaya yana yoyo tana barci. Likita ya ce maganin kashe ciwo kullum, ga zafin rana, ga ƙishirwa, su suka cinye ƙodar. In ya ƙara haɗiyar irinsu, sai injin wankin ƙoda. Daga yau ko ƙwaya ɗaya kada ta wuce maƙoshinsa sai an nuna wa likita.

Kwana na uku da kwantar da shi a benen asibiti, ɗan kwangila ya zo dubiya, yana haki saboda matakala. "Sannu gwanina! Aiki ya tsaya cak." Ya zaro ƙullin leda daga aljihu. "Ga rabonka na kwana ukun nan, na adana maka. Sha ka warware, Litinin za mu zuba kankare."

Bawan Allah, don tsabar kunya, har ya miƙa hannu biyu. Matar ta fizge ƙullin, ta tsiyaya ruwa a kofi, ta miƙa wa ɗan kwangila.

"Ranka ya daɗe, kai ma ka hawo bene, gwiwa ta gaji. Bismillah, sha biyu."

Ya ja da baya yana dariya. "Ni? A'a, Malama. Tuni likitana ya hana ni irin waɗannan. Ai suna taɓa ƙoda."