Kwana tamanin na Tirhas

Ni na yanke wa jaririyar cibi, shi ya sa har yau abin ke cin raina. Uwarta Tirhas 'yar gudun hijira ce, Kirista, katangar kara ce kawai tsakaninmu a garin Showak, gefen sansaninsu. Mijinta ya tafi Fashaga yankan riɗi tare da kusan duk mutanensu, ya bar ta da ɗanyen jego.

Kwana sittin da ɗaya da haihuwa, gudawa ta galabaitar da yarinyar. Mun je asibiti, an yi abin da za a yi, ba ta tsaya ba. Tirhas ta riƙe hannuna ta ce, "Khala Jummare, ba na son ta mutu ba baftisma. Raka ni kanisa, cocinmu."

A al'adarsu namiji sai ya kwana arba'in ake masa wankan baftisma, mace sai tamanin, kuma uwa ba ta taka coci kafin nan. Muka tsaya bakin shingen cocin cikin ranar azahar, limaminsu ya fito, dattijo mai taushin murya. Wannan taushin ne ya fi ba ni haushi.

Ya ce jaririya mara lafiya ana iya yi mata kafin lokaci, amma uwar ba ta da tsarki, sai wata mace ta shigo da ita.

"To ga ni," na ce.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Hajja, Kirista ake so. Ita za ta tsaya mata a gaban Allah."

"Matanku duk suna gona! Wannan dokar a Injila take?"

"A Attaura."

"Ba ku kuke cewa Almasihu ya sauke muku nauyin Attaura ba?"

"Ya sauke wasu," in ji shi.

"Wa ke zaɓan waɗanda suka rage?"

Na ce ya fito da ruwan nan bakin shinge mana, taku goma ne. Ya ce ba haka ake yi ba, ya aika a nemo wata tsohuwa Kirista can ƙarshen sansani. Ba mugu ba ne. Amma tsoron taka doka ya fi masa ƙarfi a kan tausayin abin da ke gabansa, kuma wannan ban yafe ba.

Kafin tsohuwar ta iso da sandarta, yarinya ta cika a ƙirjin uwarta.

Maƙabartar coci ta waɗanda aka yi wa baftisma ce, suka ce. Kada in yi wa namu ƙarya, na je wurin liman Tukur na masallacinmu, shi ma ya sunkuyar da kai ya ce ba tamu ba ce. Ni da ƙanena Mato muka haƙa rami a gindin wata ƙaya bayan gonar dawa, muka naɗe ta da mayafina.

Bayan kwana goma sha tara, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji tsohuwar nan tana sallama a ƙofar Tirhas. Limamin cocinsu ne ya aiko ta. Wai kwanaki sun cika, Tirhas ta tsarkaka, tana iya shigowa coci ranar Lahadi.

Tirhas ta tambaye ta, "In shigo da wa?"