Fatalwar Majigin Babaji

Zamanin Turawa, Babaji, wani ɗan kasuwar Kano, ya kawo majigi Potiskum na kwana uku kacal. Fim ɗin na wata sakaryar fatalwa ne mai tsoron kaji. Da ya nuna shi a Jos an sha dariya, amma a nan kowa ya biya sisinsa, tabarmi kuwa wayam. Abin ya ɗaure masa kai. Da ya zagaya bayan farin ƙyallen da ake haska fim ɗin a kai, sai ga jama'a tsugune, wata tsohuwa, Yakaka, a gaba riƙe da taɓarya.

"Iya, me kuke yi a nan?"

"Ɗan nan, in fatalwar ta fice daga ƙyallen, ina take shiga? Ita muke jira."

Washegari Babaji ya shimfiɗa tabarmin a baya, ya ce shiga sule ne. Wurin ya cika, babu masaka tsinke.