Jakin Ganima

A dogon hutun 1978 na dawo gidanmu na Tarauni daga makarantar horon malamai, na tarar da Yaya Bello da Ɗanladi, ɗan baffanmu, sun sami sabon abin yi a zaure. Osita ne ya kawo musu, abokin Yaya tun firamare, wanda yake tuƙo kekensa daga Gyadi-Gyadi kullum bayan la'asar. Wani Baturen malaminsu ne ya koya masa wasan. Shi Osita yana ba da labari, su kuma su zama jarumai a cikinsa. Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwayar ludo, ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Abokan gabarsu wasu dodanni ne masu haure irin na gadu, suna zaune a kogo bisa dukiyar da suka ƙwace wa fatake.

Ranar da na kai musu kunun zaƙi na tsaya ina saurare har na manta da kofuna a hannuna. Na ce ni ma a ba ni takobi.

Yaya ya ce, "Ke Malama Uwani, yaƙi ake yi a nan, ba darasin ɗinki ba."

"Yaƙin da ake yi a zaune kan tabarma, Yaya? Ai ko Inna za ta iya."

Osita ya sosa ƙeya. Ya ce jarumai dai sun cika, gurbi ɗaya ya rage, shi ne jakin da suka tsinta a bakin rijiya tun farkon labarin, wanda yake ɗaukar musu ganima.

Ɗanladi ya yi dariya har ya ƙware da kunu. Sun ɗauka zan yi zuciya in koma cikin gida. Na gyara mayafina, na zauna a bakin tabarma.

Na ce, "Na karɓa. Amma in na zama jaruma wata rana, kada wanda ya ce uffan."

"In jaki ya riƙe takobi, mun yarda," in ji Yaya.

Haka na zama jaki, ni da na zo ta ɗaya a ajinmu. Abin da na sha a hutun nan Allah kaɗai ya sani. Duk abin da suka kwaso daga kogon, a bayana yake ƙarewa: tulun zinariya, mundayen azurfa, murjani, sulken wani dodo da Osita ya ce yana warin daddawa, har da turmin ƙarfe da Ɗanladi ya nace sai an tafi da shi ba don yana da amfani ba. In an zo rabo, Yaya ya fara ɗauka don shi ne babba, Ɗanladi ya bi baya, ni kuma a ce an zuba mini harawa. Ɗanladi ya so in riƙa kukan jaki kafin in jefa ƙwaya. Na ce jakina mai ilimi ne, ba ya kuka a gaban wawaye.

Labari ya shiga cikin gida. Inna ta daina kiran sunana, sai dai ta ce a kira mata jakin Bello ya zo ya tankaɗe gari. Ƙawayena na Darmanawa suka ji, suka aiko mini da ƙunshin dusa. Na karɓa, na ce a yi musu godiya, na ba akuyarmu. Sau biyu ina kuka a bayan ɗaki, ban bari kowa ya gani ba, kuma la'asar tana yi ni ce farkon zama.

Jaki ba shi da aikin yi in ana yaƙi, saboda haka na riƙa saurare. Su Yaya hankalinsu yana kan sara da suka, ni kuwa ina bin kowace kwana da Osita ya ambata a hanyar kogon. Na kuma riƙe dokarsa guda ɗaya da ba ya sassautawa: abin da ba ka faɗa da bakinka ba, ba ka yi shi ba. Duk zuwanmu bakin kogo Ɗanladi yakan ce, "Na ɗaure jaki a gindin kanya." Ni dai ina jira.

Ranar ta zo ana yayyafi, kwana kaɗan kafin in koma makaranta. Sun ci dodanni da yaƙi, sun kwaso taskar sarkinsu kaf, suka labta mini. Suka ƙara da salkar ruwansu da guzurinsu, Yaya ma ya ɗora garkuwarsa don ta yi masa nauyi. Sai Osita ya ce ta ƙofar kogon sun hango kujerar sarkin, zinariya tsantsa, tana walƙiya.

"Tawa ce!" in ji Ɗanladi. "Na ruga!"

"Ni ne babba! Na bi shi a guje!" in ji Yaya.

Na bari sai da Osita ya kai su can ciki. Sannan na miƙa hannu.

"Osita, ba ni ƙwaya. Jaki ya juya, ya kama hanyar gida."

Ɗanladi ya ce, "Ina fa! A ɗaure yake."

"Yaushe ka faɗa?"

Osita ya dubi Ɗanladi, ya dube ni, kafaɗunsa suna rawa don danne dariya. Ya ce, "Wallahi yau ba ka ɗaure ba." Sai ya gyara murya. "To, jaki ya san hanya?"

Na zayyano masa: a bar kanya a dama, a tsallake rafi ta inda duwatsu suke, kada a bi ta kurmin da ya cinye takalmin Yaya, a miƙe har rijiya. Ya ba ni ƙwaya, na jefa, ta ba da biyar. Ya ce jaki ya wuce lafiya.

Su kuwa jarumai, sauran dodanni suka farka suka biyo su. Sun fito da kujera, babu jaki, babu ruwa, babu garkuwa. Dole suka yar da ita suka ranta a na kare.

Yaya ya share gumi kamar da gaske ya yi gudun. Ya ce, "Ba komai. Jakinmu ne, kaya suna gida suna jiranmu."

"Gidan wa, Yaya? Sayena kuka yi? Tsintata kuka yi a bakin rijiya. Ba ka ganin jakunan masu yashi da suke bi ta ƙofar gidan nan da yamma? In aka sake su, wa ya taɓa ganin sun bi baƙo? Gidan mai su suke komawa."

"To wa ke da shi?"

"Wata 'yar maƙeri, sunanta Uwani. Tun farkon damina take cigiyar jakinta. Yanzu ga shi ya dawo mata da sulke da garkuwa da takobin sarkin dodanni."

Daga bayan ƙofa muka ji muryar Inna, ashe tana tsaye da faifai a hannu. Ta ce, "Gaskiyarta, Bello. Kun ɗauki dabbar mutane kuna ta yi mata lodi, ko cigiya ba ku yi ba."

Osita ya faɗi kan tabarma yana dariya. Da ya tashi ya ce hukunci ya yanku, ganima ta Uwani ce, kuma jaruma ce daga yau.

Na matsa tsakiyar tabarma, Ɗanladi ya janye ƙafarsa ba tare da an ce masa ba. Yaya ya dubi rufin zaure, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Malama, garkuwata fa?"

"Sai ka zo gidana ka yi sallama, Yaya. Ina kuma neman mai ɗaukar mini turmin ƙarfe, jakina ya gaji."